Kunyar Ɗiyar Fari a Hawa na Tara

Ƴan lakwal, ku matso. An gaya mini shida daga cikinku za su fara raka marasa lafiya wajen Lokotoro Nana bayan Salla, kuma na riga na ji ra'ayin ɗayanku. A tram na Bron ne, jirgin nan na cikin gari, yana gaya wa abokinsa da ƙarfi: "Aikin banza ne wallahi. Ka ji Hausa ka juya ta Faransanci, ka ji Faransanci ka juya shi Hausa, a sa maka hannu ka tafi." Ina zaune a bayansa da ledar alayyafo a cinya, bai san ni ba. Na yi dariya har wata Baturiya ta canza kujera. Ba zan faɗi sunansa ba, amma ya rage man da yake zuba wa gashinsa.

Ni ce Balki, ana ce mini Inna Balki, ƴar Damagaram. Aji uku na yi a lakwal aka cire ni. Faransancina na kasuwa ne da na talabijin da na faɗa da ƴaƴana. Duk da haka na fi shekara ashirin ina tafinta a ɗakin da ake kai mutanen da abin da suka gani ya hana su zaman lafiya. Aiki ɗaya nake so in ba ku labarinsa, na wata yarinya da zan kira Hajara, ba sunanta ba ne, kuma da izininta nake faɗa. Saura kaɗan hukuma ta karɓe mata jaririya, kuma dalili shi ne na fassara maganarta daidai, ban ƙara ba, ban rage ba. Amma sai kun san wadda ta koya mini aikin tukuna.

Lokotoro Nana ƴar Tasawa ce. Turawa na ce mata sikolog, ni ina ce mata likitar magana. Kakarta ungozoma ce, kuma ita ce ke wanke gawar mata a unguwarsu, wato ita ke tarbar mai zuwa, ita ke sallamar mai tafiya. Nana tana ƙarama take riƙe mata ƙwarya a duka biyun. Ta yi karatu a Yamai, ta zo Paris ta ƙara, ta buɗe buro da tebur da kujeru biyu masu laushi da kwalin tishu, kamar yadda aka koya mata. Mutanenmu su zo, ta dube su cikin ido ta ce, "Me ke damunki?" Su ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Minti arba'in da biyar ana lafiya lau. Sai ta tuna kakarta ba ta taɓa tambayar mace me ke damunta ba. Faifan gyaɗa take tura mata ta ce, "Taya ni ɓara." Hannu na aiki, ido na ƙasa, kafin a cika mudu magana ta fito da kanta. Washegari Lokotoro ta tura tebur jikin bango ta shimfiɗa tabarma.

A Stains muka haɗu, can gefen Paris, lokacin maigidana Malam Isufu yana tuƙa wa wani Alhaji motar kaya. Ni ba mai son fita ba ce. Ku ba ni ɗakina da tukunyata da baƙi, kun gama mini komai. Kitso nake yi a gida, ita kuma ta zo kitso. Ina tsakiyar tsaga mata kai wata maƙwabciya ta leƙo muka gaisa, da ta fita na ce, "Wannan yau an taɓa ta."

Lokotoro ta ce, "Ai lafiya lau ta ce miki, Inna."

Na ce, "Ta faɗa. Amma ta tambayi yara ba ta jira amsa ba, kuma ba ta yi ƙorafin sanyi ba. Ita da ba ta gaisuwa sai ta zagi sanyi."

Ta juyo da rabin kai a tsefe ta ce, "Gobe ki zo burona."

Na ce, "Akwai metro a hanyar?"

Akwai, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa. Ranar farko na shiga wanda ke tafiya baya, na ga ƙarshen Paris ta ɗaya gefen, na iso bayan an tashi. Ta ce ba komai, na koyi gari.

Aikina na farko wani dattijo ne ɗan Tawa, wanda aka tsare a wani gida cikin Sahara aka yi masa abin da ba na rubutawa. Wata uku yana zuwa yana ɓarar gyaɗa yana hirar farashin raƙuma. Ranar da na zauna, ya kai tsakiyar wata magana sai muryarsa ta karye, hawaye suka zubo. Ni kuwa Balki, da tarbiyyar gidanmu, na yi wuf na ce, "Haba Malam, namiji da kuka? Yi haƙuri, ya wuce, ga goro." Ya share fuska, ya karɓi goro, ya koma kan raƙuma. Bayan ya fita Lokotoro ta rufe ƙofa a hankali ta ce, "Inna, wata uku nake haƙa rijiyar nan. Yau ruwa ya ɓullo, kin zo kin zuba mata ƙasa, har da goro a sama." Daga ranar ta sa ni riƙe ƙwallon dabino a baki. In na ji haƙuri na taso mini, in tsotse shi. Na tsotse dabinon da ya isa dasa gona.

Kayan aiki ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Gyaɗa mai ɓawo, ɗanya, ba soyayya ba, don soyayya ci ake yi, baki ya cika. Faifai biyu. Tabarma, da kujera ƴar tsugunno ga mai ciwon gwiwa. Falas na shayi, wanda ba a zubawa sai an gama gaisuwa, kuma gaisuwa a yi ta cikakkiya: gida, yara, gajiya, sanyi, labarin ƙasa. Ku da kuke gaisuwar tarho, "Sannu, sa ba?" ku wuce, ku sani a nan gaisuwa rabin awo ce. A cikinta ake jin inda mutum ya yi tsalle. Sai zane guda a jaka, don akwai wadda in magana ta zo sai ta lulluɓe kai take iya faɗa. Wurin zama kuma: kada ka zauna gaban mutum kamar ɗan sanda, kada ka zauna bayansa, don da yawansu ba sa son motsi a baya. Gefe, kafaɗa da kafaɗa, kuna duban faifai ɗaya.

Daga baya aka tura ni formasiyon, wato horo, na sati biyu a tsakiyar Paris, inda wani malami mai jan gilashi ya yi ta buga tebur: "Tafinta gilashin taga ne! Kada ki ƙara, kada ki rage!" Aka ba ni takardar shaida mai hatimi. Takarda ta farko a rayuwata! Na sa ta a firam na rataye saman talabijin, duk baƙon da ya zo sai ya gaishe ta kafin ya zauna. Ku riƙe maganar malamin nan, za ta dawo.

Da Lokotoro ta samu aiki a Lyon, muka biyo ta, don babban ɗanmu ma yana can. Muka samu gida a Rillieux-la-Pape, hawa na tara, asansar, na'urar da ke hawa da mutane sama, na aiki ran da ya ga dama. A nan muguwar shekara ta same mu, shekarar annoba da kulle. Kuna tsammanin ni mai son gida na ji daɗi. Ina! Gida ba baƙi ai kurkuku ne mai labule. Aiki ya koma ta tarho, mu uku a layi, ba faifai, ba shayi, ba ka ganin hannun mutum. Wani ya yi shiru, ba ka sani ba ko kuka yake ko rezo ne, layin tarho, ya ɗauke. Mutum biyu da muka yi shekara muna lallaɓawa suka daina ɗauka, har yau ban san inda suke ba. A ƙarshen wannan shekara Hajara ta haihu, ita kaɗai a asibiti, ba a barin kowa shiga.

Hajara ƴar wani ƙauye ce a wajen Matamaye, shekarunta ba su wuce ashirin da biyu ba. Ta biyo ta Agadas da Libiya ta hau teku tare da mijinta, ta sauka ba shi, da ƙaramin ciki. Aka ba ta ɗaki a wani fwaye a Bron, gidan da ake sauke baƙi masu jiran takardu. Jaririyar na da wata biyu aka kira ni in yi tafinta, don malamar jinya da ke duba masu jego za ta ziyarce ta. Lokotoro ba ta cikin wannan, ni kaɗai aka aika. Malamar, Madam Odil, doguwa ce mai furfura, mutuniyar kirki, tana da kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami, a hannu.

Muka shiga, Hajara ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, "Inna, sannu da zuwa, ina gajiya." Na ce a raina, kai, wannan an haife ta a gida. Jaririya na kan gado, ita ta zauna can gefe ta ba ta baya.

Madam Odil ta ce, "Tambaye ta sunan bebe."

Na tambaya. Hajara ta sunkuyar da kai, shiru. Na gyaɗa kai don jin daɗi. Ɗiyar fari ce, wa ke kama sunan ɗiyar fari a gaban manya?

"Ce mata ɗiyarta kyakkyawa ce ƙwarai."

Hajara ta ce, ba ta ko waiwaya ba, "Wannan abar? Ina kyau a nan."

Ni kuma gilashin taga, mai takarda a firam, na juya na faɗa da Faransanci tsaf: wannan abar, ina kyau a nan. Bik ya fara tafiya.

"Tana jin daɗin zama da ita?"

"To, ga ta nan dai. An ba ni, na karɓa."

Na fassara. Jaririya ta yi ƴar ƙara, Hajara ba ta motsa ba sai da na ce, "Ɗauke ta mana," sannan ta ɗauka tana duban bango, ta ba ta nono kamar wadda aka ba ajiyar kayan wani. Ni kuwa sai murmushi nake, har na ce wa Madam Odil a bakin ƙofa, "Irin wannan yarinya yanzu sai an tona." Ta dube ni wani iri. Na dawo gida na gaya wa Malam Isufu cewa yau na ga ƴar mutunci, har na ƙara nama a miya.

Bayan kwana huɗu Lokotoro ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta gama ba, ita da ke koyar da gaisuwa.

"Inna, me kika yi a Bron?"

"Na fassara daidai."

"Daidai ɗin ne ya kai takarda gaban alƙalin yara. An rubuta uwa ba ta kiran sunan ɗiyarta, ba ta dubanta, tana ce mata abar. Sati shida aka bayar. In Madam Odil ta koma ba ta ga canji ba, za a ba wasu riƙon yarinyar."

Na zauna a kan buhun shinkafa. Na ce, "Yau na shiga uku. Lokotoro, kunya ce fa! Ni da kaina ban kama sunan babban ɗana ba sai da ya yi gemu, shi ma a filin jirgi ne da ya kusa ɓata!"

Na ɗauka abin mai sauƙi ne: a je a gaya wa Baturiya al'adarmu ce, ta yaga takarda, a sha shayi. Muka tafi fwaye da Lokotoro. Ta gaisa da Hajara, ta ɗauki jaririya ta yi mata wasa, ta leƙa banɗaki kamar mai neman wurin wanke hannu. A tram ta ce mini, "Rabi kunya ce, Inna. Rabin kuma ba ita ba ce. Kin duba bayan kunnen yarinyar? Kin ga wuyanta? Ba a taɓa yi mata wanka ba, shafa ake yi da tsumma. Kuma wurin wankan cike yake da kwalaye, an ɗaure famfo da leda. In muka ce duk al'ada ce, mun yi wa Odil ƙarya, mun bar Hajara da ciwonta." Kun ji kuskurena na biyu cikin sati guda. Na farko na manta al'ada tana buƙatar bayani, na biyu na lulluɓe ciwo da al'ada.

Aka fara zaman gyaɗa, sau biyu a sati. Zama na farko, farashin gero. Na biyu, yadda Turawa ke cin ganye ɗanye kamar awaki. A na uku, mun kai rabin faifai, Hajara ta ce, "Akwai wata mata a garinmu." Na tura dabino cikin kumatu. In kuka ji "akwai wata mata" ko "wani abokina", kada ku kuskura ku ce "ke ce ko?" Ku bar matar nan ta yi tafiyarta. Matar ta shiga jirgin roba da mijinta. Ruwa ya fara shiga. Mijin na riƙe da hannunta, sai aka yi wata girgiza, ta ga hannunta ba kowa. Tun ranar, in matar ta ji ƙarar ruwa na zuba a roba, ƙafafunta ba sa ɗaukarta. Tana tsoron in ta sa jaririya a ruwa hannunta zai sake buɗewa.

Lokotoro ba ta ɗaga kai daga gyaɗa ba. Ta ce, "Da mijin matar ya rasu, wa ya zo mata gaisuwa?"

Hajara ta daina ɓara. Ta ce, "Ba kowa. An ba ni bargo da lamba." Ta ce ni, ba ta ce ita ba. "Ko mutum ɗaya bai ce mini ya haƙuri ba. Ban yi takaba ba, Lokotoro. Ban san ranar da zan fara ƙirga ba."

Ranar Lokotoro ta rubuta magani iri biyu, ba na farmasi ko ɗaya: zaman makoki da wankan jego. Ta nemi izinin fwaye Hajara ta dawo gidana na ɗan lokaci, ta kuma rubuta wa Madam Odil ta gaya mata abin da za mu yi da dalilinsa, don ba ta aiki a ɓoye. An sassauta kulle a lokacin, ana iya shiga gidan juna.

Zaman makoki a hawa na tara! Na ɗauki tarho bayan sallar asuba, kafin azahar labari ya kai Paris. Na ce mutum goma sha biyar, su zo kaɗan-kaɗan. Kun san mutanenmu da kaɗan-kaɗan. Matan ƴan kasuwa suka zo da kuloli, ɗalibai suka zo da yunwa, ƙawayena biyu na Stains suka hau jirgin ƙasa da buhun gero a tsakaninsu. Asansar ya ga taron ya mutu nan take. Hajiyoyi suna hawa tara suna salati a kowane hawa. Takalma suka cika baranda tun daga ƙofata har bakin matakala, har maƙwabciyata, wata tsohuwa ƴar Fotugal, ta fito ta ɗauka gwanjo na buɗe. Na same ta ta sa ƙafa ɗaya a takalmin wata baƙuwata, Hajiya Rabi, tana tambaya ko akwai ja.

Amma a cikin ɗaki abin ya tafi yadda ya kamata. Hajara na zaune a kan tabarma da lulluɓi, kowace mace ta shigo ta durƙusa ta ce, "Hajara, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Iliya." Sunansa ke nan, kuma ranar ce ta fara jin sa a bakin wani tun daga teku. Ta farko, ta amsa a hankali. Ta biyar, muryarta ta fara rawa. Ta goma, ta fashe da kuka irin wanda ake ji a ƙirji. Hajiya Rabi ta buɗe baki za ta ce "yi shiru", na cusa mata dabino. Maza suka yi masa salla a masallacin unguwa, limamin kuma ya aiko Malam Isufu da saƙo: mai ciki takabarta na ƙarewa ranar da ta haihu, ba abin da ke kanta. Na ga kafaɗun yarinyar sun sauka kamar an sauke mata tulu.

Wankan jego kuma ya zo a makare da wata biyu da rabi, amma ya zo. Lokotoro ta kafa sharaɗi: ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe irin na kakanninmu da ke sa mace ta ga lahira ba, kuma kunun kanwa a rage kanwa, don tana taɓa zuciya. Na yi gunaguni na bi. Wani Alhaji mai shigo da kaya ya samo mini busasshen ganyen bedi, wato dogon yaro. Ranar farko ba wanka aka yi ba. Moɗa ɗaya na ɗebo, a falo, nesa da famfo, na tsoma ganye na yayyafa mata a ƙafa ina ba ta labarin yadda na ɓata a metro. Ta riƙe hannuna har ya yi sawu. Rana ta biyu, moɗa biyu, har gwiwa. Lokotoro ta ce kada in zuba ruwa yana ƙara, in tsoma in ɗaga, kuma duk lokacin da ta ce tsaya, in tsaya ko da ganye na sama. Rana ta shida muka shiga banɗaki da bokiti, ƙofa a buɗe.

Rana ta takwas ce ta pompiye, ƴan kwana-kwana. An gama wanka lafiya, na ce mai jego ba ta cika ba sai da turare. Na hura gawayi a kasko a kicin, na zuba turaren wuta na Damagaram, mai kyan, ban yi rowa ba. Abin nan mai jin hayaƙi da ke manne a silin ya fara ihu. Na buge shi da tsintsiya, ya ƙara. Ƴar Fotugal ta ga hayaƙi ta ƙarƙashin ƙofa ta kira su. Ƙarti huɗu da hulunan ƙarfe suka hau tara a guje, na buɗe musu da ɗaurin ƙirji, damin ganye a hannu ɗaya, tsintsiya a ɗaya. Babbansu ya ce, "Madam, ina wutar?" Na ce, "Mushe," wato Malam, "ba wuta, jego ne." Ban san jego da Faransanci ba, ni tafinta mai firam! Na ce, "Bebe, ruwa, ganye, fyaɗa-fyaɗa," ina nunawa a jikina. Sai na ji wani sauti a bayana da ban taɓa ji ba. Hajara ce ke dariya, ta riƙe ciki, ta zame jikin bango har ƙasa. Suka yi mini faɗa a kan gawayi a cikin gida, kuma da gaskiyarsu, ban sake ba. Amma sai da kowannensu ya sha kofin kunu kafin ya sauka, ɗaya har ya nemi ƙari.

Rana ta goma sha biyu ta yi wa ɗiyarta wanka. Ƴar roba, ruwa iya tafin hannu, ni ina riƙe da kai, ita tana cuɗawa tana karanta duk addu'ar da ta sani. Ta goma sha biyar ta ce in cire hannuna.

Ranar da Madam Odil za ta dawo, a gidana aka yi. Na share ko'ina, na yi wa jaririya kwalli, na zauna a wurina na tafinta, gefen Hajara, na gyara ɗankwali. Lokotoro na can gefe. Madam Odil ta duba wuyan yarinya da bayan kunne, ta ga tas, ta ji daɗi. Sannan ta ce, "To, Hajara, ɗauke ta ki yi mata magana in gani."

Na fassara. Hajara ta saci kallona, ta sunkuyar da kai, ta ɗauki yarinya tana duban labule.

"Yaya sunanta?"

Ta ci gaba da duban labule. Bik ya fito daga aljihu. Na matsa kusa da Hajara. Na ce ƙasa-ƙasa, "Ke, dube ta mana, yi mata wasa!" Ta ƙara juya fuska. Sati shida na gyaɗa da makoki da pompiye, ga shi za su tafi a kan bik ɗaya.

Sai Lokotoro ta ce, "Inna, tashi ki fita."

Na ce, "In fita ina? Gidana ne."

"Baranda."

"Wa zai fassara?"

"Ba kowa. Inna, kunyar wa kike tsammani take ji? Ta Odil? Odil ba surukarta ba ce, ba uwarta ba ce. Ke kika yi mata wankan jego. Ke ce babba a ɗakin nan, tun ranar farko a Bron ke ce. Muddin kina zaune ba za ta dubi yarinyar nan ba." Ta miƙe ita ma. "Ni ma na girme ta. Mu je."

Ta yi wa Madam Odil bayani da Faransanci a gurguje, ta ce wa Hajara, "Mu mun tafi sayen burodi, za mu daɗe." Aka kore ni daga gidana, da silifas ɗin banɗaki a ƙafa. Shekara ashirin ina aikin baki, ranar da ta fi kowace muhimmanci aka ajiye ni a baranda kamar buhun shara. Lokotoro ta zauna a matakala. Ni kuwa na tsaya kusa da ƙofa, don iska ta fi kyau a wurin.

Na kasa kunne. Sai na ji ƴar murya, siririya, ba irin wadda take mana magana da ita ba. "Ke. Ke tsohuwa. Sun tafi. Zo nan, uwar mijina, mai goshin ɗanta. Wa ya ba ki wannan kumatu? Wa ya ce ki yi kyau haka ba ki tambaye ni ba?" Ashe sunan uwar Iliya ta sa mata, kunya biyu a kan yarinya ɗaya. Sai sautin sumba a ciki, irin mai ƙara, sai jaririya ta ƙyalƙyale. Aka sake, ta sake. Can na ji ta kira sunan, cikakke, sau uku, tana jansa kamar waƙa. Lokotoro ta ɗago kai ta tambaye ni da ido. Na ce, "Burodin ya yi."

Minti ashirin Madam Odil ta fito, hancinta ja, tana neman tishu a jaka. Ta ce wa Lokotoro za ta rubuta cewa yarinya ta zauna wajen uwarta, a ci gaba da zaman gyaɗa. Abin da ta rubuta ke nan, kuma shi alƙali ya bi.

Asansar ba ya aiki, na raka ta matakala. A hawa na bakwai ta tsaya ta kama hannuna.

"Madam Balki, ban fahimci kalma ko ɗaya ba, amma ina so in sani. Me take ce wa bebe?"

Na gyara ɗaurin zanena na ce, "Madam, ai ni ina waje. Ban ji komai ba."